Inji Ɗaya Ne, Amma Wa Zai Gyara Kan?

Gumel, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka sauka. Amin.

Za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, tuwo ɗaya muke ci, amma ga takarda daga wurina a cikin jakarka. Dalilin ka san shi. Kunnena ya tafi, injin niƙa ya cinye shi. In na buɗe baki sai murya ta ƙwace mini ban sani ba, kai kuma ka ɗauka faɗa nake yi, ka sunkuyar da kai ka ce "to, Baba", ka miƙe. Wannan "to, Baba" ɗin naka na san shi sarai, na wanda ya riga ya gama shawararsa ne. Shi ya sa na ari biro wurin ƙanwarka, na zauna a zaure nake rubutu. Takarda ba ta ihu, kuma ba za ka iya ce mata "to" ka miƙe ba, sai ka kai ƙarshenta.

Bari in faɗi maganar yadda na fahimce ta, in na kauce ka gyara mini. Ƙungiyar 'yan riɗin Maigatari ce ta ɗauki nauyin karatun nan naka, saboda Malam Bitrus, wanda ya kafa musu kwamfutar ofis kuma ya koya maka taɓa ta, zai koma garinsu can Filato bayan kaka mai zuwa. Duk buhun da ya shigo daga Gagarawa ko Ɗanzomo ko ƙetaren iyaka, na wane ne, a wace mota aka loda shi, ina ya nufa, a cikin akwatin nan yake. In Bitrus ya tafi kai za ka hau kujerarsa. A makarantar kuma an ce ranar rajista kowa zai zaɓi ɗaya cikin yaruka uku da ake ba kwamfuta umarni da su: Besik, da Si, da Fokis. Aikin Bitrus kaf da Fokis ya rubuta shi. Kai kuwa ka ce wa uwarka Si za ka ɗauka, wai shi ne yaren maza, Fokis na akawu ne, kuma in ka dawo za ka rushe aikin Bitrus ka sake shi sabo fil da naka yaren. Ita ta kawo mini labarin, da baki da hannu, har na gane.

Ranar Alhamis na bi motar kasuwa na je Maigatari, ba kuwa sayayya ta kai ni ba. Bitrus ya ja ni bayan ofis, nesa da janareta, ya sa bakinsa a kunnena na dama, mai ɗan sauran rai. Na ce masa, "Malam Bitrus, yaron nan ya ce yarukan uku gindinsu ɗaya, duk wanda ya ɗauka daidai ne. Haka ne?"

Ya ce, "Haka ne, Baban Abba. Tushe ɗaya suke zaune a kai. Ma'aji ɗaya suke ɗiba, abin da wannan ya gina wancan yana iya kiransa ya yi masa aiki. Abba bai yi ƙarya ba."

Na ce, "Wato inji ɗaya, kai daban-daban, bel ɗaya ke juya su."

Ya yi dariya ya ce ko shi bai taɓa bayyana shi da sauƙi haka ba. Sai na ce, "To in aikin da aka rubuta da Si ya cije, Abba kuma ba ya nan, wa zai buɗe shi?"

Nan dariyar ta tsaya. Ya ce, "A nan? Sai dai Kano, Kanon ma sai an yi cigiya. Fokis kuwa akwai wani a sakatariyar Gumel, akwai wata mata a Dutse, a Kano ba a magana. Na gaya wa Abba, amma ka san yaro da sabon abu." Da na ji haka na yi masa godiya, na bi mota na dawo gida.

Ka san ƙarfen nan mai kama da ƙatuwar tukunya da ke bayan ɗakin uwarka, wanda kajinta ke ƙwai a ciki. Ka sha jin baffanninka suna tsokanata da shi, suna ce masa kan Damagaram. Ka ji dariyar, amma ba ka ji labarin daga bakina ba. To ga shi.

Shekarar da na bar gidan ubangidana Malam Ilu, wanda ya koya mini niƙa, na sayi injina na kaina a Kano. Inji tsirara, babu kai, wato ɓangaren da ake zuba hatsi ya niƙa. Duk masu niƙan Gumel kai iri ɗaya suke ɗaurawa, baƙi, mummuna, mai dutse biyu na ƙarfe, garinsa sai an tankaɗe an maimaita. Ina shirin sayen irinsa ke nan sai wani Badamagare ya sauke wani kai a kasuwar Maigatari, ƙirar Faransa, fentinsa shuɗi yana ɗaukar ido. Babu dutse a cikinsa, wasu 'yan guduma ne ke dukan hatsi, rariya a ƙasa tana tace shi. Mutumin ya kwance wani ƙullin gari ya ce in taɓa. Abba, kamar kwalli. Nan take zuciyata ta mutu a kansa.

Na je na ɗauko Malam Ilu, ba don shawara ba, don ya taya ni murna. Ya zagaya shi, ya leƙa ciki, ya ce, "Mamman, bel ɗinka zai ja shi?"

Na ce, "Zai ja, na auna."

Ya ce, "Wa ke da irinsa tsakanin nan da Haɗejiya?"

Na ce, "Babu kowa."

Ya ce, "To shi ne aibinsa."

Na ce, "Malam, ai shi ne kyansa."

Ya kaɗe rigarsa ya yi wajen 'yan shanu, ni kuma na biya na ɗora shi a mota ina jin kaina kamar na fi kowa wayo a ƙasar Gumel.

Gaskiya ba zan rage masa ba, ya yi aiki. Suna ya tafi. Daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar ake aiko mini hatsin biki da na suna, a tsallake masu niƙa nawa a zo wurina. Har wani kallo nake wa abokan sana'ata, Allah Ya yafe. Ana haka, cikin rani, lokacin da bukukuwa suka yi yawa, rumfa cike da ƙore da buhunan mutane, sai na ji ƙara a cikin kan, ya yi wata irin girgiza ya tsaya cik. Boris, zoben ƙarfen da sandar kan ke juyawa a cikinsa, ya fashe, ya yaga rariya.

Na aika aka kira Garba bakanike, wanda duk garin nan babu injin da ya gagare shi. Ya zo da akwatin sifanunsa ya yi ta gwadawa. Wannan ta yi yawa, wannan ta yi kaɗan, ko ɗaya ba ta kama ba. Ashe notin Faransa da sifanar Ingila ba awo ɗaya ba ne. Da kurfi da guduma ya buɗe shi. Ya ciro boris ɗin ya juya shi a hannu ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Gumel babu, Haɗejiya babu, na tura har Kano aka ce babu. Ka lura da wannan da kyau: injina lafiyarsa lau. In na tayar da shi yana bugawa kamar zuciyar saurayi, bel yana juyawa a banza. Gindin da kake tinƙaho da shi yana nan daram, amma ko cokali ɗaya na gari bai ba ni ba.

Hatsin niƙa kuwa ka san yadda ake kawo shi, a surfe, a wanke, da danshinsa. Ba ya jiran kowa. Ya soma tsami, na ƙasa ya soma fumfuna. Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, daga Sule Tankarkar ta kawo geron bikin jikarta, geron da ta noma da hannunta. Ta zo ta buɗe ƙwaryarta ta sansana, ta dube ni. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Mamman, ni gari na ce ka yi mini, ban ce ka yi mini abin kallo ba." Ta ɗora ƙwaryar a ka ta fita. Wallahi har yau in na tuna ina jin kunya kamar jiya aka yi. Malam Ilu ne ya turo amalanke ya kwashe abin da bai lalace ba, ya niƙa wa mutane a baƙin kan nan nasa da na rena. Ko gori bai yi mini ba, da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Har Damagaram na je neman Badamagaren. Aka ce ya yi arewa, Agadas ko ina. Boris kuwa sai an aika Yamai, sai an jira, sai an yi sa'a. Abin da na samo a tafiyar nan sifana ɗaya ce tak mai kama notinsa. Na dawo na sayi baƙin kai irin na kowa, na sauke shuɗin na jingine shi. Masu kawo niƙa sun dawo a hankali, wasu ba su dawo ba har suka mutu. Gwaggo Tabawa tana cikinsu.

Abba, riɗin mutanen nan shi ne geron Tabawa. Ba a tura ka ka kawo musu abin kallo ba. Mutumin da ya ɗauko buhunansa daga Ɗanzomo ba ruwansa da yaren maza ko na akawu, so yake ranar kasuwa a ce masa ga motar da kayansa suka shiga. Kai mutum ne, za ka yi zazzaɓi, za ka je ɗaurin aure, ka je gaisuwar mutuwa, wata rana kai ma a yi taka. Duk abin da za ka rubuta a cikin akwatin nan, ka fara tambayar kanka: in ba na nan wa zai buɗe shi, kuma da wace sifana? In amsar ita ce babu kowa, kar ka ji daɗi yadda na ji. Aikin da mutum ɗaya kaɗai ya iya gyarawa ba gwaninta ba ce, tarko ne, kuma mai shi yake fara kamawa.

Batun rushe aikin Bitrus kuwa, ka cire shi daga ranka. Shekara da shekaru yana tafiya, an ci karo da matsala an toshe, an sake ci an toshe. Duk abin da ka gani a ciki ya yi maka kama da shirme, wata rana ce mai zafi ta sa aka yi shi haka, kai ba ka nan. Ka fara iya riƙe shi yadda yake. In ka shekara kana riƙe da shi ba a rasa buhun kowa ba, sa'an nan bakinka ya isa ya ce a canza kaza.

Na san ka, jinina ne. Kana karanta wannan kana cewa a ranka, shi ke nan, sai in koyi duka ukun, kowa ya huta. Nan ma na riga ka zuwa. Bayan abin da ya same ni sai tsoro ya kama ni, na ce ba zan ƙara dogara da kai ɗaya ba. Na sayi kan casa, na sayi kan markaɗe, ga na niƙa, duk a kan inji ɗaya. Sai yini ya ƙare ina sauke wannan ina ɗaura wancan, ina daidaita bel, mata na zaune suna tsaki. Markaɗena da gari-gari, garina da warin tattasai. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Sai da na sayar da biyun na tsaya a kan niƙa, na iya wasa dutse har da ido rufe ina gane wanda ya dakushe, sa'an nan sana'a ta zauna. Shekara ɗaya aka ba ka a Kaduna, ba ta isa a raba ta uku ba. Ka ɗauki Fokis ka yi masa riƙon gaske, ka san shi ciki da bai.

Amma akwai inda nake tare da kai, kuma ina so ka ji shi. Maganar da ka yi cewa gindinsu ɗaya, magana ce mai kyau, wurin da ka ajiye ta ne ba daidai ba. Kai ka ɗauke ta hujjar ka zaɓi wanda ranka ke so. Ni kuwa na ɗauke ta hujjar ka koyi gindin. Na daɗe ina niƙa ban san cikin injina ba, idona na kan kai kullum, don shi mutane ke gani. Sai da Malam Ilu, ya riga ya tsufa lokacin, ya zo wata Juma'a ya sa na kwance injin nan kaf a kan tabarma, ya zauna a kujera yana nuna mini da sanda, nan gas ke bi, nan baƙin mai, nan iska, na mayar da shi da hannuna. Tun daga ranar duk kan da aka kawo mini, in na duba shi da safe kafin la'asar na gane halinsa. Bitrus ma haka ya ce game da naku: wanda ya san tushen da kyau, yare na biyu ba ya ba shi wuya. Saboda haka ban hana ka Si ba har abada. Yana nan ba inda zai je. In ka dawo ka riƙe amanar da aka ba ka, ka koye shi a lokacinka, ka yi wasa da shi a kan abin da in ya lalace ba mai kuka sai kai.

Saura maganar da ta fi ci mini rai, wai yaren maza. Wa ya gaya maka ana gane namiji da wuyar abin da ya ɗauka? Ranar da na fara aiki Malam Ilu ya miƙo mini auduga ya ce in toshe kunne. Na duba sauran samarin rumfa ba mai sawa, wanda ya sa kuwa, dariya ake masa, a ce ragon maza. Na jefar da ita. Kullum sai ya miƙo, kullum sai in jefar, har ya gaji ya bari. Yau ga ni. Kiran salla sai na ga mutane sun miƙe. Uwarka in za ta yi mini magana sai maƙwabta sun ji sirrinmu. Kuma bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba don nauyinsa: muryarka ta manya ban san ta ba. Lokacin da ta fashe kunnena ya riga ya yi nisa. In kana magana bakin mai gemu nake gani, amma muryar da ke cikin kaina ta yaron nan ce mai kawo mini abinci rumfa yana cewa Baba ga tuwo. Abin da mazantakar banza ta saya mini ke nan, kuma yana yi mini ciwo ƙwarai.

Akwai abin da nake zargi, gara in fito da shi fili. Uwarka ta ce ka ambaci cewa masu Si su ake ɗauka aiki a Ikko. In tafiya kake so, ba Maigatari ba, wannan wata magana ce daban, kuma ba zan ɗaure ka ba, ƙasar Allah da faɗi. Amma sai ka koma wurin dattawan ƙungiya kafin ka yi rajista, ka dube su ka gaya musu, su nemi wani yaron su tura. Ba za ka ci guzurinsu ka koyo abin da zai kai ka wani gari ba. Ranar da suke shawarar wanda za su tura, Alhaji Musa shugabansu ya aiko aka kira ni, ya tambaye ni a gaban kowa ko kana da riƙon amana. Na ce in ya ci amanarku ni ku kama. Ba ni da gona mai yawa, ba ni da kunne, sunan nan kaɗai ya rage mini, kuma shi ma da ƙyar na tsince shi bayan kan Damagaram. Sau ɗaya na zubar da shi da hannuna, ba zan zuba ido ɗana ya zubar da shi a karo na biyu a kan kuskure iri ɗaya ba. A kan wannan na tsaya, ba ni kuma da niyyar matsawa.

In ka laluba ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin yajin da uwarka ta sa maka, za ka ji wani ƙarfe a naɗe cikin tsumma. Sifanar nan ce da na sayo a Damagaram. Ƙarfenta mai kyau ne, ba ta taɓa tsatsa ba, kuma duk faɗin Gumel babu notin da take kamawa sai na gidan kajin uwarka. Ranar rajista ka sa ta a aljihu. In an miƙo maka takarda an ce zaɓi, ka taɓa ta tukuna.

Abin da ka zaɓa ka rubuto mini shi da hannunka, kar ka ba direba saƙon baka, kar kuma ka bari sai ka dawo ka faɗa mini, don ba zan ji ba. A takarda kaɗai nake jin ka yanzu.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka ci abinci, ka gai da mai masaukinka da ladabi. Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya sa ka fi ni jin magana tun kunnenka na aiki, Ya dawo mana da kai lafiya ka same mu lafiya. Allah Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Mamman Mai Inji.